Ranar da Inna Ta Faɗi Sunan Yaya

Har yanzu in na ji kamiyo, babbar motar kaya, yana tashi a bakin kadarko sai in saki abin da ke hannuna, ko da kamiyon albasa ne. Damina ta wuce, na koma lakwal, wato makarantar boko, na sake dawowa hutu, amma abin bai sake ni ba. Jiya ma ina cikin tankaɗe wani direba ya ta da mota a bayan gidanmu, sai ga rariya a ƙasa.

Mu biyu muka rage wa Inna, Yaya ɗanta na fari da ni auta. Tsakanina da shi akwai shekaru masu yawa da ƙananan kaburbura. Tun ban zo duniya ba aka ɗauke shi lakwal, daga Gaya zuwa Yamai, daga Yamai zuwa Dakar, daga can sai Faransa. Yana can Baba ya rasu. Sanin da na yi masa bai wuce hoto guda ba, yana tsaye da farar riga a gaban wasu kwalabe, ya ɗan karkata kai kamar mai sauraron wani abu.

Inna 'yar Karakara ce, kuma tana riƙe da kunyar ɗan fari kamar yadda take riƙe da salla. Ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. In da ni take magana sai ta ce "yayanki", in da wasu ne sai ta ce "wancan na Faransa". Akwai wani mai gishiri a kasuwa mai suna irin nasa, gishirinsa ya fi na kowa kyau, amma Inna sai ta zagaye shi ta sayi mai ƙasa-ƙasa a gaba don kada wata rana ta buƙaci kiransa. In mata suka fara yabon Yaya a tsakar gida, ta tashi ke nan, wai za ta duba tukunya. Sau da yawa babu ko wuta a murhun.

A kwalej na fara sanin abin da Yaya yake yi. Malaminmu na shimi, ilimin haɗa sinadarai, wani Bature mai yawan tari, ya tsayar da ni bayan darasi ya buɗe wata mujalla ya ɗora yatsa a kan wani suna.

"Danginki ne?"

Na ce yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sai ya zauna a bakin tebur ya cire hularsa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa ɗalibi ba. Ya ce aikin Yaya a kan katalizer ne. Wani gari ne na ƙarfe, in an sami abubuwa biyu da ba sa son haɗuwa sai a zuba musu shi kaɗan, su haɗu su zama wani abu sabo, shi kuwa garin a tace shi ya fito yadda ya shiga. Ya ce Yaya ya gano hanyar shirya garin ta yadda aikin da dā sai an yi masa wuta mai tsanani da dogon jira, yanzu da ɗan ɗumi ake gama shi. Masu haɗa magunguna da masu haɗa rini a wasu ƙasashe sun ɗauki hanyar, kuma duk wanda ya bi ta dole ya rubuta sunan Yaya a ƙasan shafinsa. Ya nuna mini shafi na Jamusanci da na Ingilishi. Ban iya karanta ko ɗaya ba, amma sunan na nan tsaye a tsakiyarsu kamar zakara cikin agwagi.

Da na zo hutu ban ko ajiye kaya ba na shiga zuba wa Inna labari. Ta saurara har na gama, kanta a sunkuye tana fere kabewa, sannan ta ce, "Kwashe shanyar nan, hadari na tahowa." Na kwashe ina cizon leɓe. A raina na ce Jamusawa na kiran sunansa, uwar da ta haife shi ko murmushi ba ta iya yi ba.

Shekarar ba ta yi wa mutanen bakin iyaka daɗi ba. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, sai aka shiga raɗe-raɗin cewa wasu samari da suka fita waje sun koyo aikin bindiga, suna shigowa a ɓoye ta Dahome da Najeriya. Masunta suka daina yin nisa a gulbi. 'Yan kasuwa in za su yi magana sai sun waiga. A harabar jandarma akwai wani kamiyo mai tanti, shi ke kwasar waɗanda aka kama ya yi arewa da su. Ya tafi da wani tela daga Tanda, mutumin da bai san komai ba sai keke da zare, har yau matarsa tana zuwa tasha tana tambayar direbobi.

A cikin wannan hali Yaya ya tashi dawowa. Mun san zai biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano, ya hau na ƙasa zuwa Paraku, sannan mota zuwa Malanbil da ke ƙetaren kadarkonmu, amma ba mu san ranar ba. Wani hantsi ina wanke-wanke sai maƙwabcinmu, direban motar goro, ya faɗo gidan ko sallama babu.

"Inna, ɗauki mayafi. Sun riƙe doktanku a kadarko."

"Wane dokta?"

"Haba Inna, dokta nawa gare ki? Na Faransa! Da idona na ga an sauko da shi da balis ɗinsa, akwatin kayansa. Na ce musu ɗan garin nan ne, suka ce in rufe baki ko in hau tare da shi. Ni kuwa goro na ɗauko, ba rigima ba."

Inna ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki mayafi ta ce mini, "Sa takalmi." A hanya ita ce a gaba, ni da nake yarinya sai da na riƙa haɗawa da gudu.

A biron jandarma, wato ofishinsu, muka same shi zaune a kan benci, an cire masa takalmi da ɗamara, yana riƙe da wando da hannu ɗaya. Ya fi hoton tsufa, har da furfura a gefen kunne. Da ya gan mu ya zame daga bencin ya durƙusa a gaban Inna, ya gaishe ta da wata Hausa mai nauyi kamar wadda aka daɗe da ajiyewa a ƙasan akwati. Inna ta amsa tana kallon bango. Ya ɗago ya dube ni.

"Ke ce autar? An ce mini yarinya, ashe giginya aka shuka mini a gida."

Na so in yi dariya, sai idona ya faɗa kan bindigar jandarman da ke bakin ƙofa.

Kumandansu dogon mutum ne, baƙi wuluk, da hular soja a kai, ba a daɗe da kawo shi Gaya ba. Tun da muka shiga Faransanci kawai yake yi. Ya tambaye ni ko 'yar lakwal ce, na ce i. Ya ce to in tsaya kusa da tsohuwa in riƙa fassara mata, kada in ƙara kada in rage.

An zazzage balis ɗin Yaya a kan tebur. Ga tufafi, ga turmin atamfa da na san tsarabar Inna ce, ga tarin takardu bugaggu, ga wasu ƙananan kwalabe a naɗe da auduga. Kowace kwalba da ruwa a ciki, a ƙasan ruwan kuma wani abu toka-toka ya kwanta kamar laka. Kumandan ya ɗaga ɗaya ya kaɗa ta.

"Mene ne wannan?"

Yaya ya ce garin ƙarfen nikel ne, katalizer, aikinsa ke nan. Ya kawo shi ne don ya gwada da man gyaɗa da man kaɗe na nan ƙasar, ya nuna wa manya a Yamai cewa ana iya sa mai ya daskare ya daɗe bai lalace ba, a yi sabulu da wasu abubuwa a gida, a daina saye daga waje.

"Ni kuma albarushi nake gani an jiƙa shi," in ji kumandan.

"Ba albarushi ba ne. Amma don Allah kada a fitar da shi daga ruwan. In ya bushe yana kamawa da wuta."

Gaskiya Yaya ya faɗa, gaskiyar malamin da ke gargaɗin ɗalibansa. Ni kaina da nake ƙaramarsa na san bai kamata ya faɗe ta a wannan ɗaki ba. Kumandan ya miƙa kwalbar ga wani jandarma, shi kuma ya tsiyaye ruwan a ƙasa, ya kwaso lakar da bakin wuƙa ya shafa ta a kan tsohuwar jarida, ya ɗora a taga inda rana ke bugawa.

Yaya ya shiga nuna takardunsa. Ya ce ga sunansa a saman wannan, ga shi a ƙasan wancan. Wannan wasu masu bincike ne a Jamus suka rubuta, sun bi hanyarsa sun haɗa wani magani. Wannan daga Ingila, sun yi masa gardama, daga baya suka gwada suka yarda. Ya ce a aika Yamai a tambaya, a aika Faransa ma in ana so. Yana magana yana mantawa da wandon, sai ya fara zamewa ya sake cafke shi, jandarmomi na ƙunshe dariya. Kumandan ya juya takardun ɗaya bayan ɗaya yana kallon zane-zanen da ke ciki masu kama da saƙar zuma.

"Jamusawa sun san sunanka, madalla," ya ce. "Ingilishi sun san shi. Ni kuwa a kadarko na tsayar da kai a gaban 'yan kasuwa da masu kwale-kwale, ban da wani direba mai surutu babu wanda ya ce ya san ka. Takarda kuma, Dokta, kowa na iya bugawa. Waɗanda muke nema ma da takardu suke zuwa."

Ni na fara jin ƙaurin. Jaridar da ke taga ta yi baƙi a tsakiya, sai wasu jajayen ƙwayoyi suka shiga tafiya a kanta kamar tururuwa, sai ga harshen wuta. Wani ya yi ihu. Jandarman da ke bakin ƙofa ya ɗaga bindiga ya saita ƙirjin Yaya. Ban san lokacin da na riƙe mayafin Inna ba, na dai ji ɗumi yana bin cinyata. Na matse ƙafafu na ja zane. Ban sani ba ko wani ya lura.

Kumandan bai ɗaga murya ba. Ya sa aka taka wutar da takalmi, ya aika a ce wa direban kamiyo ya ta da mota. Muna ji injin ya yi tari ya kama. Sannan ya ce mini in faɗa wa tsohuwa hanya biyu ce. In mutumin nan ɗan garin nan ne da gaske, yana da uwar da za ta tsaya masa, zai bar shi ya zauna a gida ana sa masa ido har Yamai ta amsa waya. In ba haka ba, ga mota nan tana jira.

Na fassara. Ya juya ya fuskanci Inna.

"Tambaye ta, ɗanta ne?"

Na tambaye ta. Inna ta gyara mayafi ta ce, "Ɗan gidanmu ne."

"Ban ce ɗan gidansu ba. Mene ne sunansa?"

Na faɗa mata. Inna ta kawar da fuska gefe, ta dubi kusurwar ɗakin inda aka jingine tsintsiya. Injin na ta ruri a waje, hayaƙinsa na shigowa ta taga. Kumandan ya sake tambaya a hankali, ya zuba mata ido. Na ga leɓenta ya motsa ya tsaya. Ta ja mayafin ta rufe bakinta da shi.

A nan ne kaina ya kwance. Na juya wurin kumandan na shiga zuba masa Faransanci, irin mai kyau da ake ba ni maki a kansa. Na ce ya yi haƙuri, uwata 'yar ƙauye ce, ba ta san komai ba, wata al'ada ce ta jahilci ke hana ta. Na ce irin mutanen dā ne, sobaj ce, kada ya hukunta mai ilimi saboda ita. Sobaj, kalmar da Turawa ke jifan mutanen daji da ita. Yaya ya ce, "Ke!" Ban tsaya ba. Na juya kan Inna na fizge mayafin daga bakinta, a gaban maza, na daka mata tsawa da Hausa.

"Ki faɗa mana! Kunyar banza za ta sa a tafi da shi! Ke kika haife shi ko ba ke ba? Duniya duk tana faɗin sunansa, ke wace ce da ba za ki faɗa ba?"

Inna ta dube ni, ba da fushi ba, kallon wanda aka taka a cikin duhu bai san wa ya taka shi ba. Sannan ta sunkuyar da kai ta faɗi sunan. Ta faɗe shi cikakke, ta haɗa da na Baba, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai karanta wa mara lafiya addu'a. Ba yadda malamin shimi ya faɗe shi ba ne, ba kuma yadda ni nake faɗinsa ba. Akwai wani ja da ta yi a tsakiyarsa, irin na mutanen Karakara. Yaya ya saki wandon ya rufe fuskarsa da hannu biyu, babu jandarman da ya yi dariya.

Kumandan ya tashi daga kujera. Sai na ji Hausa a bakinsa, tsantsa, ta fi tawa.

"Inna, rufe kanki. Ki gafarce mu."

Ya jira ta mayar da mayafin, sannan ya dube ni.

"Ke kuma 'yar lakwal, wa ya aike ki? Ba sai ta faɗa ba. Tun da ta kawar da fuska na gama aikina. Wadda aka ɗauko haya, tun ban rufe baki ba za ta rangaɗa mini suna har da na kakansa. Uwa ce kaɗai za ta ji mota na jira bakinta ya ƙi buɗuwa. Abin da kika kira jahilci, ni da shi nake aiki."

Har yau ban sani ba ko gaskiya ya faɗa. Wani lokaci in ce da na yi shiru da an sake shi ba tare da Inna ta tozarta ba. Wani lokaci in ce ƙarya ne, daɗin baki ya yi bayan ya ga abin ya wuce yadda ya so, da na yi shiru da yanzu ni ma ina tasha ina tambayar direbobi. Duk wanda na zaɓa, barci ba ya zuwa da sauƙi.

Aka kashe injin. Aka mayar wa Yaya takalmi da ɗamara da takardunsa, aka ce kowace safiya ya zo ya nuna fuskarsa. Kwalaben kuwa kumandan ya ce ba za su kwana a bironsa ba. Wani jandarma ya kai su tsakiyar kadarko yana riƙe da su nesa da jikinsa, ya jefa su gulbi ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya tsaya yana kallo har ta ƙarshe ta nutse. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "To, ai cikin ruwa ya kamata su zauna." Ya ɗauki balis ya sa a kai kamar ɗan dako, muka bi bayan Inna.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Mata sun cika zaure suna barka, amma na ga yadda suke satar kallon Inna, wata har ta raɗa wa ta kusa da ita, "An ce ta faɗa." Inna ta wuce su ta shiga ɗaki. Ta daɗe ba ta je kasuwa ba, ni nake yin cefane, kifi ma sai dai masunta su aiko.

Yamai ta amsa bayan wasu makonni, aka ce a ƙyale shi. Kafin nan Yaya ya zauna da mu yana cin tuwo da miyar kuka kamar mai ramuwa, yana koya mini zanen saƙar zumar nan a ƙasa da tsinke. Bai taɓa ɗaga maganar biro ba. Sau ɗaya kawai, muna dawowa daga nuna fuska, ya ce mini tun da aka haife shi bai san yadda sunansa yake a bakinta ba, kuma da an tambaye shi da ya zaɓi kada ya sani ta wannan hanya. Bai ce laifina ne ba. Ya sayi rake ya karya ya ba ni rabi.

Bayan ya tafi Yamai na sami Inna ita kaɗai da la'asar tana gyaran wake. Na durƙusa a gefen tabarma zan ba ta haƙuri. Ita ta riga ni.

"Kalmar nan da kika faɗa wa mai hula, ta ƙarshen. Mi take nufi?"

Na ce tana nufin tsohuwa, mutumiyar dā.

Ta ci gaba da tsince tsakuwa tana jefawa gefe.

"Lokacin Turawa na kan kai ƙwai gidan kumandan Bature," ta ce. "Matarsa ta sha faɗa mini ita in na shiga da ƙura a ƙafa. A lokacin kuwa ban tsufa ba."

Ta turo mini faifan gabana, ta ce idonta ba ya ganin ƙananan, in ƙarasa kafin magariba. Na ja shi na fara tsinta, ita kuma ta tashi ta ɗauki buta.